Daga Nan Sai Ina?

Litinin, 3 ga Maris
An kawo mana sabuwar shugaba a sashen tattara tsofaffin batura. Na miƙa mata tsarina ina hura hanci: a rufe wuraren masu fasa batir, mu ajiye akwatuna a shaguna. Ta karanta, ta ɗago kai. "Su masu fasawar fa, daga nan sai ina?" Yayana yana cikinsu, ba wanda ya sani a ofis.

Alhamis, 6 ga Maris
Har mun laƙaba mata Sai-Ina. Ta cika allo da kibiyoyi: mota, makanike, mai kura, kwata, rijiya. Wallahi kan matar nan yana ja.

Talata, 11 ga Maris
Akwatunan gwaji wayam. Masu kura suna riga mu zuwa wurin makanikai, su kwashe baturan su kai wa masu fasawa. Na hau faɗa, ta yi dariya. "Ƙanwata, mun yi sammako, su a hanya suka kwana."

Asabar, 15 ga Maris
Na je gidan Yaya. Tarin nan bai sake shi ba. Ashe labarin rufewa ya iso masa. "Auta, har da hannunki a ciki?" Na kasa haɗa ido da shi. Da shaƙar hayaƙin narka dalmar batir ya ɗauki nauyin karatuna.

Juma'a, 21 ga Maris
Taro da manya, su dai a rufe. Sai-Ina ta ce, "Ranka ya daɗe, in an rufe, bayan gida za su koma narka dalma kusa da 'ya'yansu." Tana so su daina fasawa, su zama masu kawo mana batir a rufe da ruwansa mai guba, kada a tsiyaye shi a kwata don kura ta yi sauƙin turawa. Ta tsaya kai da fata sai da manyan suka yarda. Ban taɓa ganin taurin kai mai ladabi irin nata ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Yaya ne ya fara shigowa da kurarsa, yana haki. Batura duk a rufe. Da a ce na tsaya bayan taga, da ba mai gane cewa ɗan'uwana ne. Sai na tsinci kaina a tsakar fili ina cewa, "Yayana ne," da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

Sai-Ina ta ce, "Ai na sani, goshinku ɗaya." Ta kama masa kurar, ni ma na kama.

Wani abu ne ya faɗa mini a ido, shi ke nan.