Fulin Rijiya

Runjin Sambo, Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Malami,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya aiki? Mu dai mijina Jalaluddeen na kwance, mai ɗori ya ce ƙashin cinya ne.

Na rubuto ne don in na zo shagonka a Ƙofar Rini zan ɗaga murya gaban mutane, kai kuwa wana ne.

Ranar da mijina ya kawo maka ƙarfen fuli, wato gargaren da ake zura shi rijiya da shi in zai yi haƙa, ya gaya maka igiya ce za ta bi ta kai. Ya roƙe ka ka sassaƙa kwarmin fulin da lanƙwasa kamar cikin ludayi, don igiyar ta kwanta. Ka ce sai ka tsaya wasa wani bakin ƙarfe, kuma injin sassaƙarka na kan aikin masu niƙa. Sai ka yanka mai tsini irin na bel ɗin inji, ka ce duk ɗaya ne.

Na ga igiyar, Yaya. Kwarmin ya cinye ta zare-zare har ta tsinke mijina na tsakiyar rijiya. Ya hana ni gaya wa Inna don kada ranta ya ɓaci da kai. Ban gaya mata ba tukuna.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.

Zuwa ga Yaya Malami,

Gaisuwa da fatan alheri. Mai jiki da sauƙi, ya fara zama.

Lemon dubiya ya iso, da sabon fulin da ka aiko cikin Keke. Kai ne ba ka iso ba. Na sa yatsa cikin kwarmin, sumul yake, ba inda ya kama. Ashe ka iya.

Ka ce mu yi haƙuri, tsautsayi ne. Haƙuri muna yin sa. Amma rijiyar ba ta ƙare ba, kuma Dodo, ƙanen Jalaluddeen, shi zai shiga ranar Asabar. Matarsa ta zo ta tambaye ni ko aikin wannan karon na da kyau.

Don haka ka zo Asabar da hantsi, da tsofaffin tufafi. Kai za a fara zurawa da fulinka har ƙasa, a jawo ka, sannan Dodo ya shiga. In ba ka zo ba, daga bakin rijiyar, gidan Inna zan wuce, da guntun igiyar a hannuna.

Ka gaida Hajara.

Ƙanwarka,
Juwairiyya.