Rigar Kyaftin Ɗinsu na Farko Tana Rataye a Zauren Babana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san ban kyauta ba. Kwana tara ke nan abinci ba ya shiga cikina, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ni ɗan Sakkwato ne, gidanmu yana Ƙofar Marke, babana yadi yake sayarwa a kasuwa. Bayan na gama sakandare na samu tallafin karatu zuwa wata ƙasa mai tsananin sanyi, na karanta injiniyanci. Garin da na zauna ƙarami ne, kuma babu abin da mutanensa ke ƙauna kamar ƙungiyarsu ta hokin ƙanƙara, wasan da ake yi a kan daskararren ruwa da sanduna da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Na samu aikin shara a filinsu, ina goge kujeru ina kwashe gwangwanayen lemo bayan wasa. Amma ba haka na gaya wa Baba ba. Ce masa na yi ina cikin injiniyoyin da ke kula da injinan daskarar da filin, kuma shugabannin ƙungiyar ba sa yanke shawara sai da ni. Me ya kai ni? Duk ranar Juma'a idan na kira shi sai ya tambaye ni labarin aiki, ni kuma sai in ƙara kaɗan a kan na makon jiya.

A filin akwai wani ɗaki da suke ajiye kayan tarihin ƙungiyar, wani dattijo ke kula da shi, zan kira shi Tsoho kawai. Wata rana ya same ni ina salla a lungun da ake ajiye tsintsiya, washegari ya miƙo mini makullin ɗakinsa ya ce can ya fi tsabta da ɗumi. Daga nan muka saba. Idan na idar sai ya zuba mini shayi ya fara labari. Ya ce ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe ne suka kafa ƙungiyar, a kan kogin garin suke wasa idan ya daskare, sandunan ma da hannunsu suke sassaƙawa. Sun yi shekaru ana lallasa su ana yi musu dariya. Lokacin yaƙi wasa ya tsaya, da yawa daga cikin 'yan wasan ba su dawo ba. Waɗanda suka rage suka gina filin katako, suka ci kofinsu na farko, sannan gobara ta tashi ta cinye filin da kofin da hotuna da komai. Abu ɗaya ne ya tsira, rigar ulun kyaftin ɗinsu na farko, ita ma don matarsa ta kai ta gida za ta ɗinke gwiwar hannun da ta yage. Wannan kyaftin shi ne mahaifin Tsoho, kuma ɗinkin mahaifiyarsa ne a jikin rigar. Duk ɗan wasan da ƙungiyar ta ɗauka, ko daga wace ƙasa ya zo, sai an kawo shi gaban akwatin gilashin ya tsaya Tsoho ya ba shi wannan labarin kafin ya taka ƙanƙara.

Da lokacin dawowata ya matso, na riga na shaida wa Baba cewa za su karrama ni da babbar kyauta. Ranar bankwana shugaban masu shara ya ba ni hular sanyi irin wadda ake sayarwa a bakin ƙofa. Na shiga ɗakin Tsoho in yi azahar, ba ya nan, ya fitar da rigar daga akwatinta ya shimfiɗa a tebur don ta sha iska. Wallahi har yanzu ban san yadda hannuna ya kai gare ta ba. Na naɗe ta cikin sallayata na sa a jaka, na ajiye makullin a kan tebur. A bakin ƙofa na haɗu da shi yana dawowa, ya rungume ni ya ce in gaida babana. Rigar tana bayana a cikin jaka lokacin da yake dafa kafaɗata.

Baba ya yi kuka da ya gan ta. Ya kai wa wani mai firam a Sabon Gari aka sa ta cikin gilashi, ya rataye ta a zaure. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce Turawa ne suka ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinsu suka ba ɗansa. Har ranar da aka je neman aurena sai da ya ba surukaina wannan labarin. Shekara huɗu ina wucewa ta zauren nan ina kau da kai. Na ce wa kaina ai tsohuwar riga ce, wa zai biyo ta har Sakkwato?

Ranar sunan ɗana ƙanwata ta ɗauki hoton Baba zaune a ƙarƙashin firam ɗin riƙe da jaririn, ta sa a shafinta ta maƙala sunana. Wani da muka yi karatu tare ya gani, hoton ya yi ta yawo har ya isa garin su Tsoho. Sai ga saƙo daga wata mata, ta ce ita 'yar Tsoho ce, ƙungiyar ta ba ta aikin rubuta littafin tarihinta saboda babban bikin tunawa da kafuwarta da za a yi bana. Ta gaya mini abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Bayan tafiyata an zargi Tsoho da sayar da rigar mahaifinsa, aka kore shi daga aikin da ya yi tun yana saurayi, mutanen gari suka daina gaishe shi, aka hana shi shiga filin. 'Yan sanda sun tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa riƙe makullin ban da shi, ya ce babu. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar. Ta rubuta mini: "Babana bai taɓa ambatar sunanka ba. Da na nuna masa hoton, jaririn ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko naka ne." Ta ba ni zuwa ƙarshen wata. Ko in mayar da rigar tare da takarda da sa hannuna cewa ni na ɗauka, ko ta miƙa hoton ga 'yan sanda da ofishin jakadancinsu, sunana kuma ya shiga littafin.

Shekaranjiya bayan la'asar na samu Baba shi kaɗai a zaure, na durƙusa da niyyar faɗa masa.  Amma abin da ya fito daga bakina shi ne rigar ta yi ƙura, a ba ni in kai a gyara. Ya dube ni ya ce, "Wagga riga ba ta fita gidan ga ina da rai. Na riga na gaya ma innarka, in na mutu ɗanka za a ba." Sannan ya tambaye ni mi ya same ni na rame haka, na ce zazzaɓi ne. Baba yana da hawan jini, bara ma sai da ya kwanta asibiti. Ta yaya zan ce masa abin da ya shekara huɗu yana nuna wa abokansa da surukaina kayan sata ne, ɗansa kuma mai shara ne?

Jiya da ya tafi kasuwa na sauko da firam ɗin na buɗe bayansa. Mai firam ya shafa wa bayan rigar gam ya manne ta da katako, ya buga ƙananan ƙusoshi a kafaɗu. Asu kuma ya shiga ya cinye hannun rigar da aka naɗe ta baya, hannun da ɗinkin yake. Da na taɓa wurin sai ulun ya zubo a tafina kamar gari. Na mayar na rataye.

Yanzu ko na mayar, me zan mayar? Idan na sa hannu a takardar, za su iya sa a kama ni a nan? Kamfanin da nake aiki yana hulɗa da ƙasashen waje, idan labarin ya fito aikina ya tafi. Matata ba ta san komai ba, tana ganin ina juyi a kan sallaya tana zaton ciwo nake ɓoye mata. Idan kuma na yi shiru, mutumin da ya ba ni wurin salla zai mutu mutanen garinsu suna kiransa ɓarawon rigar ubansa, ni kuma in tashi da wannan gaban Allah. 'Yarsa ta sake rubuto mini yau da safe, ta ce jikinsa ya ƙara tsanani, in ina da abin faɗa masa kada in jira ƙarshen wata. Ban amsa ba tukuna.

Jama'a, malamai da lauyoyi da duk wanda ke da uba mai rauni a gida, ku taimake ni. In fara da Baba ne, ko in fara da Tsoho? Me zan yi?