Zanar da Na Kafa a Rumfarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo mai tuwon bakin tasha, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imar makwanci. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Na rubuta ta a fili ne don mutane su daina ce mini ɗan albarka alhali ba su san abin da na yi ba.

Tun ban yi wayo ba kike tuƙa tuwo a rumfar nan. Dawarki daga Ɗan Isa, daddawa daga hannun tsohuwar nan ta Sakajiki, man shanu kuwa in ba na Fulanin Jangeru ba ne, gara a ci miya haka nan. Direbobin Shinkafi da na Zurmi sukan riƙe yunwarsu har su iso wurinki. Ba kya tambayar mutum abin da zai ci. Kina ganin fuska kin san malmala nawa, kin san wa ke son yaji, wa kuma likita ya hana gishiri.

Kin tuna Baba Lamidi, Bayarben da aikin jirgin ƙasa ya kawo, jirgi ya daina zuwa shi kuma ya zauna. Ba mata, ba ɗa, ba haƙori. Ke Bagobira, shi Bayarabe, wasa kuwa sai wanda ya gaji. Yana shigowa zai ce baiwarsa ta kawo abinci, ki ce, "Bawan Gobir, zamna in ciyar da kai, kak ka mutu ka bam mu da hasarar likkahwani." Sai ki tura masa tuwo mai laushi da kika keɓe tun da hantsi. Bai taɓa buɗe baki ya roƙa ba, ke ma ba ki taɓa sa shi ya roƙa ba. Kowa ya san ba shi da abin saye.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni da abokaina muka ɗauki zafi kamar mu muka kawo ta. Ran nan suna zaune Baba ya yi wasan nan nasa, kika rama, rumfa ta ɗauki dariya. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya dube ni. Kallo ɗaya ne, Inna, amma shi ya sa na sayo zana washegari, na raba ki da masu cin tuwonki. Ba alƙalin da ya aiko, ba malamin da ya ce in yi. Limamin unguwa ma a gabanki yake cin nasa. Kika ce, "Tunda kai as shugaba yanzu, to." Na zauna a gaba, na kafa doka: mai so ya faɗi, in miƙo.

Daga bayan zana kike tambayata kullum da azahar, "Bawan Gobir ya taho?" Nakan ce bai zo ba.

Inna, ya zo. Kwana uku a jere yana zuwa. Yakan zauna a ƙarshen benci, hularsa a gwiwa, idonsa a kan zana. Jira nake ya nema da bakinsa kamar kowa, don abokaina su ga an daina wasa a nan. Bai nema ba. In ya ga masu ci sun watse, sai ya wanke hannu a butar bakin rumfa kamar wanda ya ci, ya tafi. A rana ta huɗu bai dawo ba, ni kuwa har da ajiyar zuciya.

Ba a yi wata biyu ba aka ce ya rasu a ɗakinsa bayan tsohuwar tasha. Ban ce ni na kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma na ga yadda kika ɗauko wuƙar yanka kubewa, kika tsinke igiyoyin zanar nan ɗaya bayan ɗaya. Da kika gama sai kika ce, "Shekaru da yawa muna tare, amma ko sau guda bai leƙo ya ga ko lahiya nike ba." Ina tsaye a gefenki, na bar ki a kan ƙaryar da na yi miki. Da wannan ƙullin a ranki kika bar duniya, kina zargin mutumin da bai yi miki laifi ba.

Rumfa tana nan, ni da Rabi matata muke riƙe da ita. Dawar Ɗan Isa ce har yau. Na koyi kallon fuska, ko da yake ban kai ki ba. Duk wanda ya zauna a ƙarshen benci bai ce komai ba, kwanonsa nake fara kaiwa.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya jiƙan Baba Lamidi, ya shayar da ku daga Alkausara, ni kuma ya yafe mini. In Allah ya haɗa ku, kada ki yi masa fushi. Ki tura masa tuwonsa, ki ce masa na gan shi. Duk kwana ukun nan na gan shi.

Ɗanki mai jin kunyarki,
Sanusi