Ku Bar Yarinyar Nan Ta Nemi Yafiyar Uwarta

Zuwa ga masu girma marubuta wasan labari na kwamfuta da ya hana ni sukuni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Ni malamar adabi ce a wata sakandare a Makarfi, na haura hamsin. Da gangan na rubuta da Hausa. Na yi fama da Turancinku, ku ma ku nemi tafinta.

Na ɗaya, yabo, don kun cancanta. A wasanku na farko mun bi wata mata da ta koma gidan mahaifiyarta bayan rasuwar tsohuwar. A wannan sabon kun mai da mu baya, zuwa shekararsu ta ƙarshe tare. Kun iya rubuta uwa: baki na faɗa, hannu na ƙara miki abinci. Na karanta littattafai da yawa, ban cika haɗuwa da irinta ba. Ban kuma zarge ku da mutuwarta ba, na shiga da sanin za ta mutu.

Na biyu, abin da ya ƙona min rai. A babin ƙarshe sun yi faɗa, yarinyar ta ɗauki jaka. Sai kuka ba ni zaɓi uku: ta fita ta buga ƙofa da ƙarfi, ko ta fita shiru, ko ta ce za ta kira. Ku da kuka bar ni na zaɓi launin rigarta da sunan kyanwarta! Ina "ki yafe mini"? Sau huɗu na sake wasan daga farko ina canza amsoshi, ina zaton ni na ɓata. Ashe ba ku sa ba.

A wajenmu, ko tafiyar kwana biyu mutum zai yi sai ya ce a yafi juna, don ba wanda ya san gobe.

Na uku, ni na sani, amma ban yi ba. Na je garinmu Malikanchi in taho da Innata gidana saboda ciwon ƙafarta, ta ce ba ta barin ɗakinta. Na ɗaga mata murya. Ta biyo ni har zaure da ƙullin mazarƙwaila, na ƙi karɓa, na hau acaɓa ina huci. Na ce ranar Juma'a zan dawo mu shirya. Ranar Laraba aka kira ni.

Wataƙila da gangan kuka yi, don haka rayuwa take. To, wannan darasin na riga na haddace shi, ba sai kun biya min ba.

Roƙona ɗaya ne. Kada ku raya uwar, kada ku taɓa wasan farko. Ku ƙara zaɓi na huɗu kawai. Ko uwar ba ta amsa ba, ko ta juya baya, ku bar yarinyar ta faɗa a bakin ƙofa. Na ajiye wasan daidai wurin, jakar na hannunta, ban bar ta ta fita ba.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya ja kwanan iyayenku, Ya sa ku rabu da su lafiya.

Wassalam.

Malama Hadiza,
Makarfi.