Saƙon da Ba Zan Kai wa Iestyn Ba

Zuwa ga ɗana Meurig,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga zafin Ostareliya da sharrin injinan da kuke aiki da su. Mu nan kwari lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa, da gwiwar nan tawa da ramin kwal ya cinye. Gwaggonka Eirlys ta fito daga asibiti, har ta koma faɗa da maƙwabta, ka ga ta warke ke nan. Matarka Tegwen ba ta fasa kawo mini romon rago ran Lahadi ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ni da makaranta ba mu daɗe tare ba. Waya kuwa ba na jin komai a cikinta, ko da yake ba kirana kake yi ba balle in gwada.

Tegwen ta isar mini da saƙonka, wai ɗanka Iestyn ya bar zari-ruga daga yanzu, kuma wai ni zan gaya masa tunda maganata yake ji. To bari ka ji yadda aka yi, don ina bakin fili, kai ba ka nan.

Ka san tun kana ƙarami ni ke riƙe wa yaran makaranta bokiti da soso. Yaro ya bugu, a matsa masa ruwan sanyi a ƙeya, ya miƙe ya koma. Haka aka yi mini, haka na yi maka. Bana aka kawo sabuwar malamar wasanni, Malama Beynon, ranar farko ta ce in kai bokitina gida in shuka fure a ciki. A gaban yara ta faɗa, kuma ban manta ba. Ita a durƙushe take fara koya musu kamu, sannu a hankali kamar masu addu'a a majami'a: kafaɗa a cinya, kunci a manne da ɗuwawun mai ƙwallo, kai a bayansa, hannu ya zagaye ƙafafu. Har faɗuwa sai ta koya musu. Na ce mata a zamaninmu ƙasa ce ke koya wa mutum faɗuwa, ta ce ai ga alama nan a tafiyata.

Ran Asabar ɗin da abin ya faru, ana cikin wasa wani ƙaton yaro ya taho da ƙwallo ta hagun Iestyn. Iestyn ya rufe ido, ya sa kai ta gaba, gwiwar yaron ta same shi a gefen kunne. Ya tashi yana cewa ba komai. Malama ta tambaye shi wa ya ci na ƙarshe, ya tsaya yana kallonta. Na ce mata yaron nan ko lafiyarsa ƙalau ba ya tuna inda ya ajiye takalminsa. Ta ce in koma bayan igiya, ta fitar da shi, ta ce ba zai sake taɓa ƙwallo ba sai likita ya yarda. Yanzu ciwon kan ya tafi, yana ci, yana barci, yana damun uwarsa.

Ni da matar nan ba ma shiri, amma abu ɗaya ta faɗa wanda ba ni da ja a kansa. Ta ce a kamu ta dama yaron ba shi da na biyu a ajinsu, ta hagu ne yake tsoro, kuma tsoro ke sa kai inda bai kamata ba. Ta ce in an sallame shi za ta mayar da shi durƙuso, hagu kawai, har jikinsa ya haddace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai kuma ka daɗe a waje har ka manta yaran kwarin nan. In ka cire shi daga hannunta ba daina wasa zai yi ba. Filin bayan kulob zai koma shi da manyan yara, inda ba mai duba inda ya sa kansa, ba mai fitar da shi in ya bugu.

Saboda haka ba zan kai saƙon nan ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kuwa jika ɗaya gare ni kusa. In har ka ƙudura, ɗanka ne, ka kira shi da kanka ka faɗa masa, ka tsaya a kan wayar ka ji shirun da zai yi.

Eirlys tana gaishe ka, Tegwen ma haka. Ka gai da ɗan kawunka Gwilym da iyalinsa, ka ce masa har yanzu ina jiran hoton jaririn. Iestyn bai san komai ba tukuna. Jiya ya tambaye ni ko za ka zo kallon wasansu na ƙarshe, na ce ya tambaye ka.

Ni ne mahaifinka,
Idwal Prosser