Ranar da Na Karɓe Jirgi Daga Hannun Baba Inuwa

Abbaganaram, Maiduguri
Talata

Yaya Kellu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya jikin Latifa? Mu nan ƙalau, sai ruwa da sauro. Takarda na rubuto don a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Yaya, na yi wa Baba Inuwa abin da ban taɓa zato ba. Kin san tun rasuwar mahaifinmu, amininsa, shi ne tsaye a kaina. Shi ya lallashi Inna har ta bar ni na koyi tuƙin jirgin sama. Yanzu kamfaninmu ɗaya, shi kyaftin, ni mataimakiyarsa.

Sai kin jure ɗan karatu kafin ki gane. Akwai na'ura a jirgi da muke kira tikas. Aikinta tambaya: kullum tana aika saƙo ga jiragen da ke kewaye, na'urar kowanne tana amsawa da tsayin da yake. Daga nan take gane nisansa da saurin matsowarsa. Idan wani ya fara kusa, alamarsa a allo ta koma ruwan ɗorawa, murya ta ce a lura. Idan abin ya ci tura, alamar ta yi ja, na'urorin jiragen biyu su sasanta a tsakaninsu, a ce wa ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Dokar ita ce a bi nan take, ko da mai ba da umarni daga hasumiyar filin jirgi ya faɗi akasin haka, domin wancan matuƙin ya riga ya bi nasa umarnin.

Shekaranjiya muna dawowa gida cikin gizagizai, Baba ke tuƙi, sai murya ta ce a lura. Ba a jima ba ta ce mu sauka. Baba ya leƙa taga ya hango wani jirgi ƙasa da mu, ya ce ga shi yana gani da idonsa, ba zai gangara kansa ba. Ni kuwa allo na nuna mini jar alamar tana sama da mu, wato ba wanda ya gani ba ne. Na faɗa masa a hankali, yadda aka tarbiyyantar da mu. Na sake faɗa. Bai motsa ba. Sai na ji bakina ya ce jirgi ya dawo hannuna, da tsawar da ko 'ya'yanki ban taɓa yi wa ba, na tura kan jirgin ƙasa. Wani jirgin kaya ya fito daga gajimare ya wuce ta samanmu. Fasinjoji ba su san wainar da ake toyawa ba.

Har muka sauka bai ce mini komai ba sai na aiki. Inna ta ce ko da gaskiyarka babba babba ne, in sayi goro in je gidansa a unguwar Dala in durƙusa. Wallahi ba na nadama, amma tsoro nake kada in rasa uba karo na biyu.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki,
Mu'mina

Abbaganaram, Maiduguri
Asabar

Yaya Kellu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida. Na ji Latifa ta warware, Alhamdu lillahi. Shawararki ta iso, ke da Inna bakinku ɗaya kamar kullum.

Na je jiya bayan la'asar. Na same shi kan tabarma a gindin dalbejiya. Ina shirin kai gwiwa ƙasa ya miƙe tsaye, dattijo guda, ya hana ni. Ya ce idan ya karɓi ban haƙurin nan, ya yarda na yi laifi ke nan, kuma gobe hannuna zai yi jinkiri. Ashe shi da kansa ya gaya wa kamfani komai, har sun sa shi ya koma horo, da furfurarsa.

Na fara murna, sai ya ce akwai abu ɗaya da bai ji daɗinsa ba. Ba tsawar ba, lallashin nan biyu da na yi kafin ta. Ya ce da wani kyaftin ne da tun farko na ɗaga murya, amma da yake Babana ne na tsaya ladabi, mutane kuma suna bayanmu. Don haka ya roƙi kada a ƙara haɗa mu a jirgi ɗaya. Ya ce kyaftin da yawa suke, shi ya fi so ya zauna a ubana.

Yaya, gaskiya ya faɗa. Ya ƙwala wa matarsa Hajiya kira ta kawo wa 'yarsa kunun gyaɗa, ya tsare ni sai da na shanye. Na dake har na fito. A Keke Napep na yi kukana.

A gaida kowa.
Taki har kullum,
Mu'mina