Mabuɗin Kaka Rozalia

Daga ƙauye, 3 ga Afrilu, 1991

Zuwa ga Malama Bogumila,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Ni ne Irek na bencin baya, wanda kike jifa da alli in ya yi gyangyaɗi a darasin tarihi. Shekara ashirin ban neme ki ba, yau ma matsala ce ta koro ni, ba zan ɓoye miki ba.

Wasiƙa ce ta zo daga Jamus, har da tsohon sunan ƙauyenmu na Jamusanci a bayan ambulan. Ga ta nan na haɗo, don ke kaɗai na sani mai jin harshensu wadda ba za ta baza ni a gari ba. Kin san gidan nan na Jamusawa ne kafin a sauke su Kaka Rozalia a cikinsa bayan yaƙin duniya na biyu. Har Baba ya rasu bai taɓa gyara rufin ba. In an yi magana sai ya ce, "In gyara wa wa? Masu shi suna nan dawowa." Bokiti shida muke jerawa in ana ruwa. To, ga shi sun dawo.

Matata Wiesia cewa ta yi, "Jefa ta a murhu ka kwance kare, magana ta ƙare." Malama, 'ya'yana uku. In suka karɓe gidan, ina za mu nufa?

Ɗalibinki,
Irek

Wroclaw, 11 ga Afrilu

Irek,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Na gode da ka tuna da ni, ko da tsoro ne ya tuna maka.

Ɗaure karenka. An sa hannu kan maganar iyakarmu da Jamus tun bara, da kana karanta jarida kafin ka naɗe kifi da ita da ka sani. Ga abin da matar ta rubuta:

"Sunana Waltraud. A ɗakin sama na gidanku aka haife ni. Da aka kawo iyalinku daga gabas, wata takwas muka yi tare, murhu ɗaya, da farko ba mai jin harshen wani. Ranar da aka kora mu tashar jirgi ina da shekara goma sha biyu. Na ɓoye mabuɗin ƙofa a safata, alhali an ce kowa ya miƙa wa soja. Rozalia ta gan ni. Na zaci za ta tona. Sai ta zaro igiya daga wuyanta, ta nuna mini nata mabuɗin, na gidan da aka raba ta da shi, ta cusa mini burodi a riga. Yanzu idanuna suna tafiya. Ina so in ga gidan sau ɗaya, in gode mata, ko a kabarinta ne."

Ka tuna ranar da na ce kowa ya kawo tsohon abu daga gida? Mabuɗin nan ka kawo, na gidanku na asali a gabas, kusa da birnin Lwow. Ka ajiye a teburina ka koma barcinka.

Shekara arba'in abu ɗaya nake koyarwa, sunaye kawai ke canzawa. Manya su zauna su ja layi a taswira, yau da sunan addini, gobe da sunan sarauta, jibi da sunan ƙabila, talakawa kuma su ɗaure kaya. Kowane gida ya riƙe nasa ciwon, ya manta na maƙwabci. Dalilin karatun ke nan, ba don jarrabawa ba. Don in baƙo ya tsaya a ƙofarka ka gane shi kafin ka kwance kare.

Na rubuta maka amsa da Jamusanci, na ce mata ta zo. Ka sa hannu, ko ka ƙona. Gidanka ne.

Malamarka,
Bogumila

16 ga Yuni

Malama,

Gaisuwa da godiya, ban ma san ta inda zan fara ba. Waltraud ta zo ran Asabar, ita kaɗai da sanda. Wiesia ta yi miyar kabeji tana ɓata rai, tana cewa, "Ni dai ban yi alkawarin dariya ba."

Matar ba ta ƙwanƙwasa ba. Hannu ta sa a jaka ta fito da mabuɗi, ta dube ni, na ɗaga mata kai. Malama, ya buɗe! Ashe Baba ko kubar ƙofar bai canza ba.

Muna cin abinci ruwa ya sauko. Kunya ta kama ni, na tashi ina jera bokitai. Ba ta gani sosai, amma kunnenta garau. Da ɗan yarenmu da ta tsinta wajen Kaka ta ce, "Ubana ya ɗora rufin nan da hannunsa. Wane malalaci ne ya bar shi haka?"

Na ce, "Jira muke ku dawo, Inna Waltraud."

Ta ce, "Uwata ma ta mutu da akwati a ɗaure ƙarƙashin gado. Ku kuna jira, mu muna jira, ruwa yana cin gida."

Wiesia da ba ta yi alkawarin dariya ba, kuka ta yi. Da ruwa ya ɗauke muka kai Waltraud kabarin Kaka, ta ajiye burodi guda da ta taho da shi tun daga Jamus. A tasha ta kama hannuna ta danƙa mini mabuɗin. Ta ce, "Na gaji da ɗauka. Je ka gyara rufinka."

Da na bi shawarar murhu, da na kori wadda Kaka ta rufa wa asiri. Na gode, Malama, har da allin.

Naki,
Irek

20 ga Satumba

Malama,

Ina gaisuwa. An gama rufi, Wiesia ta shuka furanni a bokitan.

Ga mabuɗin Kaka na gidanta na gabas, da sunan ƙauyenta. Ban san wanda ke cikin gidan ba, amma na san yana da bokiti. Ki taimaka ki rubuta masa da harshen mutanen can. Ki ce ya gyara rufinsa, ba mai zuwa.

Ɗalibinki da ya farka,
Irek